As Biyu a Gaban Suruki

Idan kana son ganin Badamagare ya zama shehin malami, bar shi ya yi tuƙi a Unguwar Ofisoshin Jakadanci na 'yan watanni. Haka aka yi da Nafiou. Direba ne a wani ofishin jakadanci, aikinsa ya kai Turawa ya zauna a mota yana jiransu, kuma a zaman jiran nan ne ya koyi wata karta a waya da ake ce wa foka. Tun daga ranar muka shiga uku a ɗakinmu na unguwar Utaiƙa, a nan Riyad. Ni sunana Tamimu, Bakano ne, dabino nake lodi da saukewa a kasuwa. Tsakaninmu da Damagarawa akwai wasa tun kaka da kakanni, don haka duk abin da na faɗa a kansa babu alƙalin da zai saurare shi.

Wasan ba shi da wata wahala, Nafiou ne kawai yake kambama shi. A ba kowa kati biyu ya ɓoye, a shimfiɗa biyar a tsakiya na kowa da kowa, wanda haɗinsa ya fi ƙarfi ya kwashe abin da aka zuba. Ba da kuɗi muke yi ba. A garin nan wa ya isa? Muna son iƙamarmu, takardar zama a ƙasar. Ƙwallon dabino muke zubawa, ni nake tsinto shi a leda. In ka ga katinka ba shi da mamora, sai ka ajiye ka haƙura da abin da ka riga ka zuba. In kuwa ka ji ƙarfi, ko kana son ka razana mutane, sai ka tura duk abin da ke gabanka lokaci guda, wanda zai bi ka dole shi ma ya tura nasa.

A nan ne wa'azin Nafiou yake farawa, kuma mun sha shi har mun haddace.

"As biyu," sai ya ce, yana nufin katin nan mai harafin A, yana ɗaga yatsa, "babu abin da ya fi su kafin a buɗe na tsakiya. Duk wanda ya tura maka duka kana riƙe da as biyu, ka bi shi ido rufe. Ko ɗan gidan uban waye. Mutumin da ya ajiye as biyu ai bai kamata a ba shi aure ba."

Shi dai an riga an ba shi. Matarsa Nazira tana Damagaram, ta koyi ɗinki, amma keken maƙwabciya take jira sai mai shi ta gama nata ta sam mata. Nafiou ya saya mata keke a nan Riyad, sabo dal, mai nauyi kamar jakin baƙin ƙarfe, ya tura shi ƙarƙashin gadonsa. Can ya zauna har kwalin ya fara yin ƙura. Kago ba ya cikin lissafi, domin wancan karon da ya aika firij ta wani kamfani, sai da aka manta da shi sannan ya isa, ƙofa daban jiki daban. Ga sallah ta matso, kuma bakinsa ya riga ya kai shi ya baro: ya ce mata keke zai iso kafin sallah, ita kuma ta bi gidaje ta karɓi atamfofin mutane.

Sai Allah ya kawo ijazar Saidou, ɗan ɗakinmu mai wankin mota, wato hutunsa na zuwa gida. Jirgi ya ba shi jaka biyu, ɗaya ta ishe shi, ɗaya babu kowa a kanta. Bayan shi kuma babu wani mai tafiya Damagaram sai an sha ruwan sallah an huce.

Ranar da aka ji mutum zai tafi gida, ranar yake sanin yawan masoyansa. Mutanen da ba su taɓa tambayar Saidou ya jiki ba suka fara kawo masa shayi har gado. Bachir, mai gyaran mukayyif, wato na'urar sanyaya ɗaki, yana da fanka mai caji da zai aika wa tsohuwarsa. Wasu samari biyu 'yan Matamaye daga ɗakin sama suka sauko da buhunsu. Kowa saƙonsa ɗan ƙarami ne a baki, in an ɗora a sikeli kuwa sai allura ta nemi karyewa. Saidou ya rasa yadda zai yi, ya ce a jefa ƙuri'a, wanda ta faɗa wa ya ɗauki jaka.

Da an bi ta Saidou da ba ni da labarin ba ku. Amma malam yana nan.

"Ƙuri'a ta waɗanda ba su da kai ce," in ji Nafiou. "A buga foka. Ranar Juma'a bayan an sauko, a raba wa kowa ƙwallo daidai, a yi ta yi har kiran la'asar. Wanda tulinsa ya fi, jaka tasa ce."

Bai tsaya nan ba, wai don kada 'yan Matamaye su haɗa baki. Ya kafa doka cewa jaka ba ta kyauta, ba ta sayarwa, ba ta aro. Wanda ya ci, kayan kansa zai zuba, ko tsinken wani ba zai shiga ba. Ya sa kowa ya amsa a gaban kowa. Ni aka ba rabon kati tunda gidanmu Kano ne, ba ni da akuya a garken. Na ce madalla da wannan basira, Damagaram ta yi ɗa.

Ranar Juma'a muka ci kabsa, aka share leda, aka baje bargo a tsakar ɗaki. Mukayyif yana ta gurnani yana fesa mana abin da ya sawwaƙa. Ina cikin ƙirga wa kowa ƙwallonsa sai aka yi sallama a bakin ƙofa, muryar da ta sa Nafiou ya miƙe zumbur har ya buga kai da gadon sama.

Baba Mamane ne. Dattijo ne mai gadi a wani sito, ya fi kowannenmu daɗewa a ƙasar nan, kuma shi ne mahaifin Nazira. Shi ya yi wa Nafiou hanyar biza. Gini ɗaya muke da shi amma ka rantse gari daban suke. In Baba yana hawa bene, Nafiou sai ya tuna ya yi mantuwa a ɗaki. Bai taɓa cin abinci a gabansa ba, bai taɓa kama sunansa ba, har wani Mamane mai shago a layinmu ya koma "mai sunan manya" a bakinsa. Shi ma Baba tasa kunyar ba ƙarama ba ce. Nazira 'yar farinsa ce, tunda aka haife ta bai taɓa faɗin sunanta ba. In ta kama dole sai ya ce "mutanen gidan wancan," yana kallon bango.

"Na ji ana neman jaka," in ji Baba, yana kallona, don ba ya yi wa surukinsa magana kai tsaye. "Ni ma ina da saƙo. Tamimu, a ƙirga mini nawa."

Wa zai ce a'a? Na kalli Nafiou. Ƙafarsa ɗaya tana son ƙofa, ɗaya tana son keke. In ya fita jaka ta tafi, in ya zauna ga shi gwiwa da gwiwa da suruki ana karta. Ya durƙusa ya gaishe shi kamar mai neman gafara, sannan ya ja jiki can ƙarshen bargo ya zauna a ɗosane, kansa a ƙasa. Bakin nan da ba ya rufuwa ya rufu ruf. Wallahi na ji daɗi, ban ɓoye ba.

Na yi wa Baba bayanin wasan sau ɗaya. Ya gyaɗa kai ya ce sun buga bilot a tashar Damagaram tun kafin a haifi wasunmu, karta kuma duk sunan da aka sa mata fuskar mutum ake karantawa. Ba ƙarya ya yi ba. 'Yan Matamaye sun fara da sa'a, tulinsu ya wuce na Nafiou, sai dattijon nan ya sa su gaba. Ya bi na farko a hankali har ya tatse shi, ya juya kan na biyu ya yi masa wankin babban bargo. Suka koma gefe suna danna waya kamar da ma ba su damu ba. Shi kuwa Nafiou, duk hannun da Baba ya shiga sai ya ajiye katinsa ya ja baya. Bachir kawai yake yaga kaɗan kaɗan idan Baba ya fita.

Da rana ta karkata, tulin Baba ne a gaba, na Nafiou yana bin sa, na Bachir ya rage ɗan abin da bai taka kara ya karya ba. Lasifikar masallacin layinmu ta yi ƙara irin wadda take yi idan ladan ya kunna ta yana gyaran murya. Kowa ya san hannun ƙarshe ke nan.

Na raba kati. Nafiou ya ɗaga gefen nasa ya leƙa, sai ƙafarsa ta dama ta fara rawa.

To, ga wani abu da shehin malami bai taɓa sani ba game da kansa. Duk ɗakinmu an san cewa in Nafiou ya samu kati mai kyau, ƙafar nan sai ta kama kaɗawa kamar ta tela. Fuska a murtuke, ido a ƙasa, wai shi gwani, ƙafa kuwa tana shela har ɗakin sama. Ba mu taɓa gaya masa ba, don me za mu toshe rijiyar da muke sha? Ranar nan rawar ta wuce ta kullum, har kofin shayin da ke kusa da shi yana amsawa.

Lissafinsa a fili yake. In ya haɗiye na Bachir ya ɗora a kan nasa, zai wuce Baba ba tare da ya taɓa ƙwallon Baba ko ɗaya ba. Ya ci jaka, ya tsira da mutunci. Sai ya tura kusan rabin tulinsa tsakiya, yana satar kallon Bachir.

Bachir ya kalli katinsa, ya kalli ƙafa, ya ce, "Allah ya raba ni da wahala," ya ajiye.

Saura Baba. Kowa ya ɗauka zai ajiye shi ma, tunda ko ya bar ɗan abin da ya zuba yana nan a gaba, ladan zai ƙarasa masa aiki. Dattijon ya kalli bango. Sannan ya sa hannu biyu ya turo tulinsa gaba ɗaya, ƙwallaye suna gangarowa har kan gwiwar surukinsa.

"Duka," ya ce. "Tamimu, gaya wa na kusa da kai, in yana da abin bi ya bi."

 'Yan Matamaye suka ajiye waya. Saidou da ke ɗaure jakarsa ya saki igiya ya matso.

Ƙafar Nafiou ta tsaya cak.  Abin da ake nema a wurinsa bai fi ya miƙa hannu ya tura sauran ƙwallonsa ba, abin da ya yi wata da watanni yana koya mana. Amma in ya yi haka, sai ya buɗe kati a fuskar mutumin da ya ba shi 'ya ya kuma kawo shi ƙasar nan, ya sa hannu ya kwashe duk abin da ke gabansa, ya bar shi da bargo tsirara a gaban yara 'yan Matamaye. Kuma kafin Saidou ya sauka daga jirgi labari ya riga shi isa Damagaram: mijin Nazira ya yi wa ubanta tas a karta.

"Malam," na ce masa, don ban iya haƙuri ba, "almajiranka muna jira. Ko ɗan gidan uban waye, ko ba haka karatun yake ba?"

Ya watso mini wani kallo ta ƙasan ido. Ya dubi ƙarƙashin gadonsa, inda gefen kwalin ya leƙo. Hannunsa ya tashi ya nufi tulin, har na ce a raina to, yau Damagaram za ta fitar da mu kunya. Baba bai motsa ba, idonsa na kan bango, amma na ga yatsunsa sun daina jan carbi.

Hannun ya wuce tulin ya sauka a kan kati. Nafiou ya kife su, ya tura mini a hankali.

"Na ajiye," ya ce, da muryar da ko sauro ya fi ta. "Allah ya ƙara wa Baba girma."

Ladan ya ɗaga murya.

Ban taɓa ganin wanda ya ci wasa ya yi irin fuskar da Baba Mamane ya yi ba. Ya zauna da tulin ƙwallo a gabansa kamar an ajiye masa gawa. Bachir kuwa, da yake ya rasa kuma ba ya son ya rasa shi kaɗai, ya tashi yana karkaɗe wando yana cewa, "Barka Baba, jaka taka ce. Doka dai tana nan yadda mai doka ya kafa ta, kayan mai ci kawai. Kuma duk mun san abin da ke ƙarƙashin kowane gado a ɗakin nan da mai shi."

Ni na tattara kati, kuma mai rabo yana da ido. Na leƙa na Nafiou: as biyu, jajaye, suna kallona. Na leƙa na Baba, sai da na sake dubawa. Bakwai da biyu ne, kala daban daban, katin da Nafiou da kansa ya koya mana cewa babu wanda ya kai shi lalacewa.

A matakalar bene muna sauka zuwa masallaci Baba ya rage tafiya har na iso shi.

"Kai ka kwashe katin," ya ce. "Me ke hannun yaron?"

"As biyu, Baba."

"Na sani. Tun daga ƙofa ake jin ƙafarsa." Ya tsaya ya dafa bango. "Na kawar masa da yaran can biyu. Na zauna ina jira sai ƙafar ta yi rawa sosai. Na ɗauki abin gaba ɗaya na kai masa har gwiwa. Me kuma ya rage, in buɗe masa baki in zuba?"

Na ce, "To Baba, ai da sauƙi. Ka ce keken naka ne, ka saya a wurinsa, Saidou ya tafi da shi."

Ya juyo ya dube ni kamar na yi tusa a sahun gaba.

"A gaban Bachir? Sannan in ce wa Saidou ya kai wa wa? Ni da bakina?" Ya girgiza kai. "Ku Kanawa komai ciniki ne."

Muka ci gaba da sauka. Da muka kai ƙasa ya ce, "Ka gaya wa abokinka..." sai ya gyara hularsa. "A'a, bar shi. Yaron kirki ne. Yana da tarbiyya, Allah ya shirye shi."

Saƙon Baba da ya shigo yana faɗa, ashe 'yar leda ce ta man zafi da turare, wadda ko a aljihun Saidou za ta shiga. Don kada jaka ta tafi wayam a yi masa dariya, ya aike ni kasuwa na sayo masa bargo mai laushi irin na sanyin Riyad da katan ɗin dabino. Bargo, zuwa Damagaram, ana tsakiyar zafi. Muka cusa, muka zuge, jakar tana lotsawa ta gefe saboda rashin kaya. Saidou ya ɗauke ta da hannu ɗaya ya jefa a bayan tasi, muka yi masa Allah ya kiyaye hanya.

Da muka dawo ɗaki Nafiou ya zauna a bakin gado. Kwalin keken yana nan ya leƙo waje, tun da safe ya ɗan jawo shi ya goge ƙurar ya ɗaure da igiya, saboda tsabar yarda da kai. Wayarsa ta yi ƙara, saƙon murya ne, ya danna bai tuna ya rage sauti ba.

Nazira ce, muryarta cike da murna. Ta ce kafinta ya kawo teburin, ta sa shi jikin taga inda haske yake. Ta ce matar liman ma ta ƙaro atamfa biyu. Ta tambaya ko Saidou ya taso, kuma ranar da zai iso gari, don ta aika ƙaninta tasha da amalanke. A ƙarshe ta yi ƙasa da murya ta ce, "In ka ga su Baba ka gaishe su."

Kowa ya kawar da kai. Har Bachir ya samu abin yi a cikin akwatin kayan aikinsa.

Can Nafiou ya ɗago. Wa'azi ya ƙare, idonsa ya yi ja.

"Tamimu, don Allah gaya mini gaskiya. Da me ya tura? Sarki biyu ne ko?"

Na so in yi masa ƙarya, wallahi na so. Amma Badamagare ne, kuma shi ya tambaya.

"Bakwai da biyu."

Ya buɗe baki zai yi dariya, dariyar ta maƙale. Shi ne malami, ba sai an yi masa fassara ba. Mutumin da ya wanke 'yan Matamaye biyu ba tare da ya yi gumi ba, yana kan gaba, ladan yana gyaran murya, ba zai tura duka da bakwai da biyu don ya ci ba.

Ya ajiye wayar. Sannan ya durƙusa ya kwance igiyar da ya ɗaure kwalin da ita, ya naɗe ta, ya sa kafaɗa ya mayar da keken ƙarƙashin gado.